Saura ƙiris mu sayar da gonar Baba saboda maganin da na gani a waya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta labarin ciwon da ya kwantar da ni, wanda ake kira ME/CFS, amma jiki baya bari, yanzu ma a kwance nake, yau kwana shida kenan ina ɗaukar wayar ina ajiyewa, dan haka in kun ga magana ta tafi ta dawo ku yi mun uzuri. Abin da ya taso ni wata baiwar Allah ce da ta kira ni satin da ya wuce tana kuka, tace tun da tayi korona bata sake komawa daidai ba, kuma wani yace mata akwai allurar da ake yi a ƙasar waje mai kwantar da garkuwar jiki, har ta kai sarƙarta da 'yan kunnenta na gwal kasuwa an sa musu kuɗi. Wallahi da naji haka gabana ya faɗi, dan hanyar da na bi kenan sak.

Ni haifaffiyar cikin birnin Zariya ce, wajen Ƙofar Doka, aure ya kai ni Tudun Wada, 'ya'yana uku. A da lissafi nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Kafin ciwon nan ni mace ce da bata iya zama, da asuba in dama koko in shirya yara in tari Napep, in dawo in ɗora girki, ran Asabar in shiga kasuwar Sabon Gari in saro atamfa ina ba malamai zuwa ƙarshen wata. Babu wanda ya taɓa kirana da raguwa sai bayan daminar 2015.

Zazzaɓi ne ya fara, da ciwon maƙogwaro da kaluluwa a wuya. Aka ce maleriya da tayifot, aka yi allurai aka sa ruwa, cikin sati biyu zazzaɓin ya tafi. Ƙarfina ne bai dawo ba har yau.

Kalmar gajiya ita ta cuce mu masu ciwon nan, dan kowa ya san gajiya, kina faɗa sai a ce miki ai nima a gajiye nake. Waccan barci ke maganinta. Tamu kuwa ki yi awa goma a kwance ki tashi kamar kin kwana kina daka. Yadda nake kwatanta wa mutane shine rijiyar gidanmu da rani, ki ja guga ɗaya ki ja na biyu, na uku sai laka, kuma in kika nace kika ci gaba da ja to gobe ma baza ki samu ko na alwala ba. Abin da ya fi rikita mutane kuma, ba a take abin ke kada mutum ba. Bikin ƙanwar maigidana a Gyallesu na daure naje kamu, zaman awa uku kawai nayi ana gaisawa ana dariya, washegari na tashi da dama dama, sai a rana ta biyu na kasa ɗaga kofin shayi zuwa bakina, hannuna na rawa shayin na zuba a zanin gado, hasken da ke shigowa ta taga kamar ana soka mun tsinke a ido, maƙociyarmu na daka a turmi ina jin kowane bugun taɓarya a tsakiyar kaina. Kwana goma sha ɗaya nayi a ɗaki, banɗaki ma da rarrafe. Abin da ya dawo kunnena daga dangin miji shine, ai ta iya zuwa biki, aiki ne bata iyawa.

A makaranta kuwa wata rana ina tsaye gaban allo da alli a hannu, sai na nemi bakwai sau takwas na rasa. Ni da nayi shekara tara ina koyar da lissafi. Yara sun zuba mun ido, zuciyata na bugawa kamar zata fito, ƙafafuna sun yi sanyi, na ja kujera na zauna nace su kwafi abin da ke allo. A 2016 na ajiye aikin.

Asibiti kam babu irin wanda bamu shiga ba, na gwamnati da na kuɗi. An auna jini, suga, maƙoƙo, ƙanjamau, tibi, an yi sikanin, kullum risalt lafiya lau. Wani likita ko ɗagowa bai yi ba yace Madam damuwa ce, ki rage tunani ki riƙa motsa jiki. Na bi maganarsa da zuciya ɗaya, kullum bayan la'asar in zaga unguwa, sati biyu na zube warwas fiye da da. An yi ruƙiyya, na sha rubutu, zuma da habbatus sauda har yau ina sha, kuma ban raina addu'a ba dan ita ta riƙe ni. Amma maganar sammu da ta shigo saura kaɗan ta raba zumunci a gidanmu, aka fara nuna wata baiwar Allah da bata san hawa ba bata san sauka ba. Wannan har gobe yana damuna.

Farkon 2017 autanmu da ke karatu a ABU Samaru ya shigo da waya a hannu ya zauna bakin katifa yace Yaya ki saurara, in na faɗi wanda ba naki ba ki tsayar da ni. Ya fara karantowa yana fassara mun, kasa yin abin da aka saba fiye da wata shida, jiki ya rushe bayan ɗan aiki kaɗan kuma sau da yawa sai bayan kwana ɗaya ko biyu, barcin da baya wartsakarwa, toshewar tunani, jiri da bugun zuciya in an daɗe a tsaye. Ban tsayar da shi ko sau ɗaya ba. Yace wannan daga rahoton da wata babbar cibiyar likitoci ta Amurka ta fitar ne a 2015, sunan ciwon ME/CFS, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan jijiya da ƙwaƙwalwa tun 1969. Na rufe fuska da hijabi nayi kuka mai isata. Ashe abin yana da suna, ashe tun kafin a haife ni an rubuta shi a littafi, ni kuma ana nan ana ce mun son jiki.

A daren ne kuma autan namu ya gano maganar ƙasar Nowe. Wasu likitocin cutar kansa ne guda biyu a asibitin Haukeland da ke birnin Bergen, Øystein Fluge da Olav Mella. Wata mata da ta daɗe da irin ciwona ta kamu da kansar kaluluwa, da suka sa mata maganin kansa sai tsohon ciwon nata ya lafa na wasu watanni. Sai suka yi tunanin ko garkuwar jiki ce ta rikice take yaƙar mai ita. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu da ake kira B, su ne tushen sinadaran da jiki ke harbin cuta da su, akwai kuma wani magani rituximab da ake sawa ta dirip yana share waɗannan ƙwayoyin na tsawon watanni, dama da shi ake maganin kansar kaluluwa da wani nau'in sanyin gaɓoɓi. Suka gwada a mutum 3 suka buga sakamakon a 2009. Sannan a 2011 suka fitar da na mutum 30, rabi an sa musu maganin rabi an sa musu ruwan da ba magani a ciki, 10 cikin 15 na masu maganin suka samu sauƙi, a ɗaya ɓangaren 2 kacal.

Goma cikin sha biyar. Na haddace shi kamar karatun allo, da shi nake kwana da shi nake tashi. Sai daga baya na fahimci cewa ma'aunin da su kansu suka sa tun farko, wato yadda jiki zai kasance a wata na uku, bai nuna bambanci ba, sauƙin daga baya aka gan shi. A lokacin ko an faɗa mun bazan ji ba.

Aka yi zaman gida a ɗakin Inna. Wani dillali mai kai marasa lafiya Indiya ya riga ya ce mana indai da kuɗi babu allurar da baza a yi ba, kuma kuɗin da ya lissafa da jirgi da masauki miliyoyi ne. Babu mai su a cikinmu. Yaya babba yayi shiru can yace to a sayar da gonar Baba ta hanyar Soba. Gonar nan ita kaɗai marigayi ya bar mana, daga ita ake cin masarar shekara a gida huɗu. Inna bata kalle ni ba, dama bata faɗin sunana, tace ku sayar, 'yar nan tana kwance ni ina cin tuwo ba daɗinsa nake ji ba. Aka sa gona a kasuwa, aka yi mun fasfo.

Nan ne nayi kuskuren da nake so kowa ya ji. Ana jiran mai saye, sai wata maƙociya tace ai ƙwayar nan da 'yan mata ke sha dan ƙiba, sha ka fashe, taji ance ita ma tana kwantar da garkuwar jiki. Dexamethasone kenan, a kowane kemis ana bada ita ba tambaya, kuɗinta bai kai na katin waya ba. Nace to kafin na Indiya bari in fara da na gida. Satin farko wallahi kamar an kunna ni, na share tsakar gida nayi wanki har na soya wa yara wainar fulawa, maigida ya dawo ya same ni a tsaye ya kama hamdala, aka kira Inna aka yi mata albishir. Daga nan barci ya ƙaurace, ci kamar gara, fuskata ta kumbura tayi zagaye, wani farin abu ya rufe mun harshe da dasashi har haɗiyar ruwa zafi, maruru suka fito mun a cinya, kuma aikin da na zuba a satin nan duk sai da jikina ya karɓi bashinsa. In na tsallake rana ban sha ba sai in ji kamar raina zai fita, sai in koma. Wata biyu ina haka.

Takardar likita da ake nema dan biza ce ta kai mu wajen wani kwansultan, dattijo, Allah ya saka masa da alheri duk inda yake. Ina zama ya dubi fuskata yace Malama me kike sha? Na ciro sacet ɗin daga jaka. Bai yi mun faɗa ba, cewa yayi kar ki kuskura ki daina rana ɗaya, jikinki ya daina yin nasa sinadarin ya dogara da wannan, a hankali zamu janye shi. Autanmu ya miƙa masa takardun Nowe da ya buga a Samaru, ina jiran ya ture su gefe kamar yadda aka saba, sai ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe muna zaune. Sannan ya tambaye ni, an taɓa auna miki ciwon hanta? Nace Likita an ɗebi jinina ya fi sau ashirin. Ya bi fayil ɗin shafi shafi, babu wanda ya taɓa aunawa.

Risalt ya fito ina ɗauke da hefatayitis B, kuma hantar ta fara nuna alamar kumburi, yace da wuya in ba ƙwayar da na sha ce ta taso da shi ba. Ya zaunar da ni da maigida da Yaya babba yayi mana bayani da Hausa tsantsa. Yace cutar nan tana iya kwanciya a hanta shekara da shekaru garkuwar jiki na danne da ita, to rituximab in ya share ƙwayoyin B sai ta miƙe, akwai waɗanda hantarsu ta tsaya gaba ɗaya suka rasu, shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kwalinsa akan haka a 2013, kuma ƙa'ida sai an auna mutum kafin a sa masa. Yace mai cutar kansa dole ce ta sa, sai a haɗa masa da maganin kare hanta a sa ido, amma ke Malama za ki sa hantarki a caca ne akan abin da masu shi ma basu gama gwadawa ba. Yaya yace to Likita yanzu meye shawara? Yace ku riƙe gonarku, suna kan babban gwaji yanzu haka, ku jira ku ji.

Gaskiya ranar haushinsa naji. Gani nayi ya rufe mun ƙofa ɗaya tilo da na gani a shekara biyu, a Napep har muka iso gida ban yi wa kowa magana ba.

Ba a yi wata biyu ba, a Nuwamban 2017, labari ya fito daga bakin Mella da kansa cewa babban gwajin bai yi nasara ba. Cikakken sakamakon ya fito a 2019, mutum 151 a asibitoci biyar na Nowe, babu wanda ya san wa aka sa wa magani wa aka sa wa ruwa, daga majinyaci har likita. Waɗanda aka sa wa rituximab kashi 26 cikin ɗari ne suka samu sauƙi, waɗanda aka sa wa ruwa kashi 35. Autanmu ya kasa faɗa mun sai da ya kwana biyu yana kewaye kewaye. Kowa a gida hamdala yake an tsira da gona an tsira da hanta, ni kuwa kuka nake kamar an yi mun rasuwa, kuma rasuwar aka yi mun, dan a raina na riga na koma aji, na riga na ga kaina a hawan Sallah riƙe da hannun yarana a ƙofar fada. Maigida ne kaɗai ya gane, ya zauna gefena yana cewa ki yi haƙuri Maman yara, ki yi haƙuri, bai ƙara komai akai ba.

Duk da haka ina yi wa likitocin nan biyu addu'ar alheri. Su suka ɗauki ciwonmu a matsayin ciwon jiki suka kashe shekaru akai lokacin da wasu ke mana kallon masu raki, kuma da abin bai yi ba su suka fito da bakinsu suka faɗa, basu ɓoye ba. Ku gwada su da dillalin nan da har bayan labarin ya fito yana kiran Yaya yana tambayar yaushe za a turo kuɗi. Kuma abin da na koya daga kashi 35 ɗin nan shine ciwonmu yana hawa yana sauka da kansa, sa rai ma yana sa mutum ya ji sauƙi na ɗan lokaci, dan haka in wata tace miki na sha kaza na warke ba lallai ƙarya take ba, amma ba lallai kazan ne ya warkar da ita ba.

Basu daina ba. A 2020 suka fitar da gwajin wani maganin kansa, cyclophosphamide, mutum 40 aka sa wa dirip sau shida, 22 suka ce sun samu sauƙi. Zuciyata ta sake tashi, bazan ɓoye ba. Amma wannan karon na san tambayar da zan yi, ina waɗanda aka sa wa ruwa? Babu, kowa ya san magani aka sa masa. Ga shi magani ne mai dafi, tashin zuciya da amai, yana iya ɗauke wa mace al'ada da haihuwa, su kansu sun ja kunne kar a ɗauka an gama magana. A 2025 kuma suka fitar da na wani, daratumumab, mata 10 aka gwada 6 suka samu sauƙi, sun shiga gwaji mafi girma mai ɓangaren ruwa. Kullum ina roƙon Allah ya sa wannan ya zama shi ne. Amma ni na ga yadda mutum 3 suka zama 30 suka zama 151, zan jira.

Maganin hanta ina sha kullum, ta lafa tun tuni, awo yana kyau, amma rushewar jikin nan bayan aiki tana nan yadda take, da haka likitan ya tabbatar abu biyu ne daban a jikina. Sanadiyyata aka auna gidanmu kaf, aka samu biyu cikin 'yan uwana suna ɗauke da ita basu sani ba, waɗanda basu da ita aka yi musu rigakafi. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna da hefatayitis B, ku duba yawan masu shan sha ka fashe a unguwanninmu ku haɗa lissafin da kanku.

Abin da ya dawo mun da ɗan abin da nake da shi yanzu ba allura bace, sanin iyakar rijiyata ne. Ina da littafi ɗan arba'in da babbar 'yata ke rubuta mun abin da nayi kowace rana da yadda na tashi bayan kwana biyu, da haka muka gano wanka a tsaye yana cin rabin ƙarfin yinina, yanzu akan kujera 'yar tsuguno nake yi. Baƙi minti ashirin ne in shiga ɗaki, wanda zai ji haushi ya ji. Ina tsayawa tun ban gaji ba, wannan shi ya fi komai wuya ga mace irina. A Oktoban 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta cire shawarar nan ta ƙara motsa jiki mataki mataki daga jinyar ciwonmu, tace a koya wa mutum tattalin ƙarfinsa, wato zagayen unguwar da ya kwantar da ni ba laifina bane. Sallah a zaune nake yi, ranar da abin yayi tsanani a kishingiɗe, da farko ina yi ina kuka sai malamin unguwarmu ya karanto mun hadisin Imrana ɗan Husaini, ka yi sallah a tsaye, in baka iya ba a zaune, in baka iya ba a gefenka. Yanzu yara uku na maƙota suna zuwa ina koya musu lissafi sau biyu a sati, rabin awa, ina jingine da filo.

Ita baiwar Allahn da ta kira ni nace mata ta je ta karɓo gwal ɗinta, ta nemi likitan da zai saurare ta a auna duk abin da ake iya aunawa harda hanta, dan akwai cututtuka da yawa masu kama da wannan da suke da magani, kar ta sa komai mai taɓa garkuwar jiki a bakinta ko a jijiyarta akan maganar dillali ko ta maƙociya. Tayi shiru sannan tace Anti to ke kin warke? Nace mata a'a ƙanwata, ban warke ba, amma ina nan, ki kira ni duk ranar da aka ce miki ƙarya kike. Jiya ta kira, mun yi minti goma na ce mata zan kwanta.

Shekaranjiya Yaya babba ya aiko da kasonmu na masarar bana daga gonar, buhu huɗu. Na sa aka kai mun kujera zaure na zauna ana shigowa da su, na sa hannu cikin wanda aka kwance na damƙo, da sauran ɗumin rana a jikinta. Inna tace a fara kai mata tiya biyu niƙa, tuwon sabuwar masara take so da miyar kuka.